Wane Takunkumi Ne Ke Tare Ƙwayar Cutar da ke Yawo a Iska?

A ranar 27 ga watan Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Najeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, kuma a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba aka gano ƙwayar a jikinsa, wato a gefen ɗaya daga cikin manyan unguwannin Hausawa na wannan gari. Wata guda bayan haka, daga daren 30 ga Maris, gwamnatin tarayya ta hana fita a Legas da Ogun da Abuja, sa'annan da aka sassauta dokar a ranar 4 ga Mayu, sharaɗin da aka gindaya shi ne kada kowa ya fito ba tare da ya rufe hanci da baki ba. Cikin 'yan kwanaki telolin Agege da Obalende da Mile 12 suka juya kekunansu ga ɗinka takunkumi da ragowar atamfa da yadi, masu talla a cunkoson motoci suka ƙara shi cikin hajarsu, 'yan acaɓa da yawa kuma suka wadatu da ɗaura hankici.

Abin da aka koya wa jama'a a wancan lokaci umarni ne guda ɗaya, a sa takunkumi. Ba a tsaya an bayyana cewa abubuwan da ake kira da wannan suna sun bambanta da juna kamar yadda laima ta bambanta da rufin kwano ba, duk da cewa kowannensu maganin ruwan sama ne. Shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin takardar wucewa gaban jami'an tsaro, suna rataye shi a haɓa, su ja shi sama idan sun hango shingen bincike. Shi ya sa kuma, da wasu suka kamu da cutar alhali suna sanye da ƙyallen atamfa, aka yanke hukuncin cewa takunkumi gaba ɗayansa yaudara ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023, takunkumi ya ɓace daga titunan Legas, amma tambayar tana nan daram, domin mura mai tsanani da ƙyanda da ƙarambau ba su tafi ko'ina ba, kuma garin da ke da tashar jiragen ruwa ta Apapa da filin jirgin sama mafi hada-hada a ƙasar nan shi ne ƙofar da baƙuwar cuta ta fi saurin shigowa ta cikinta, kamar yadda aka gani da Ebola a 2014, ko da yake ita ta jini da ruwan jikin majinyaci take yaɗuwa.

Kafin a auna kowane takunkumi, dole a san abin da ake so ya tare. Ƙwayar bairos ba ta barin jikin majinyaci ita kaɗai. Tana fita ne a cikin ɗigon yawu da majina da danshin huhu, kuma waɗannan ɗigo girmansu ba ɗaya ba ne. Manyansu, irin waɗanda kake ji a fuska idan wani ya yi atishawa kusa da kai, nauyinsu kan ja su ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi, galibi kafin su wuce mita ɗaya ko biyu. Ƙananansu kuwa, waɗanda ido ba ya gani, ruwansu kan bushe tun ba su kai ƙasa ba, sai su zama wani ɗan ɓurɓushi mara nauyi mai ɗauke da ƙwayar, su ci gaba da shawagi na mintuna masu yawa, wani lokaci har sa'o'i idan ɗakin a rufe yake. Wani injiniya a Jami'ar Harvard ta Amurka, William Wells, ya bayyana wannan bambanci tun 1934, kuma an daɗe da sanin cewa ta haka ƙyanda da tarin fuka suke kama mutane.

Misali mafi kusa shi ne turaren wuta. Idan uwargida ta zuba turare a kasko a ƙuryar ɗaki ta rufe ƙofa da taga, ba sai ka zauna kusa da kaskon za ka ji ƙamshi ba. Wanda ke kusa ya fi shaƙa, amma bayan ɗan lokaci hayaƙin ya cika ɗakin, kuma wanda ya shigo bayan an fitar da kaskon ma zai tarar da shi. Haka numfashin mai ɗauke da cutar yake, sai dai shi ba launi ba ƙamshi. Numfashi kaɗai yana fitar da wannan ɓurɓushi, magana ta fi numfashi fitarwa, ɗaga murya da waƙa sun fi magana, kuma mutum kan fara yaɗa korona ko mura tun kafin shi kansa ya san ba shi da lafiya. A watan Maris na 2020, a gundumar Skagit ta jihar Washington a Amurka, mawaƙa 61 suka yi atisaye na sa'o'i biyu da rabi a zaure guda, cikinsu akwai mutum ɗaya mai alamun mura. 53 suka kwanta rashin lafiya, biyu suka rasu. Musabaha da taɓa marfin ƙofa ba za su iya bayyana irin wannan ba. A watan Yulin shekarar masana 239 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman hukumomin lafiya su amince cewa cutar tana tafiya a iska, amma sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi hakan ƙarara. A ganina wannan jinkiri ya cutar da talaka, domin an kashe ƙarfi da kuɗi wajen feshin magani a kasuwanni da tashoshin mota, alhali ingancin takunkumi da buɗe tagogi ne suka fi buƙatar a yi ta nanata su.

Akwai wata hujja da nake yawan ji a majalisun hira, kuma ta cancanci amsa ta ilimi. Ana cewa faɗin ƙwayar korona kimanin kashi ɗaya cikin goma na maikiron ne, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, har kaurin silin gashin kan mutum ya kai kimanin maikiron 70. Ramukan takunkumi sun ninka girman ƙwayar sau da yawa, don haka sa shi tamkar ɗaura ragar kamun kifi ne don maganin sauro. Lissafin girman daidai ne, amma an yi kuskure biyu. Na farko mun riga mun ambata shi, cewa ƙwayar a cikin ɗigo take tafiya, kuma ɗigon ya fi ta girma ko bayan ya bushe. Na biyu ya fi muhimmanci: takunkumi mai kyau ba rariyar tankaɗe ba ne, wadda duk abin da bai kai raminta girma ba zai wuce. Ya fi kama da sarƙaƙiya, dubban zaruruwa sirara da suka harɗe da juna hawa-hawa, ta yadda iska ba ta wucewa sai ta yi ta lanƙwasa. Ɓurɓushi mai ɗan nauyi ba ya iya shan kwana tare da iskar, sai ya yi karo da zare ya manne. Matsakaici yana bin iskar, amma gefensa kan gogi zare ya maƙale. Mafi ƙanƙanta kuwa, saboda rashin nauyi, ƙwayoyin iskar da kansu suna bugun sa ta ko'ina, sai ya riƙa tangaɗi hagu da dama har ya faɗa kan zare. Abin mamaki a nan shi ne mafi ƙanƙanta ya fi sauƙin kamawa a kan na tsaka-tsaki, wanda bai yi nauyin da zai yi karo ba, bai kuma yi ƙanƙantar da zai yi tangaɗi sosai ba. Wannan girma mai wuyar sha'ani yana wajajen maikiron 0.3 zuwa ƙasa kaɗan, kuma da shi ake gwada takunkumai masu inganci, wato ana jarraba su ne a inda suka fi rauni.

Akwai kuma ƙarfi na huɗu wanda atamfa ba ta da shi. Duk wanda ya yi makarantar firamare ya san wasan goga biro a gashin kai a lokacin hunturu, a ɗora shi kan yagaggun takardu su manne masa. Irin wannan cajin lantarki ake dasawa a cikin zaruruwan roba na takunkumin zamani, yana janyo ɓurɓushin da ya so wucewa ta gefen zare. Wani masani ɗan asalin Taiwan, Peter Tsai, ya inganta dabarar a Jami'ar Tennessee ta Amurka a shekarun 1990, kuma ita ce ta sa ake iya yin takunkumi mai tacewa sosai wanda kuma numfashi ba ya wuya a cikinsa.

Da wannan ma'auni, takunkumin ƙyalle shi ne a ƙasa, kuma shi ne wanda ingancinsa ya fi bambanta daga tela zuwa tela. Saƙar yadi zare ne a tsaye da zare a kwance, da ramuka a jere tsakaninsu, babu caji, don haka hawa ɗaya na atamfa yana tare manyan ɗigo ne kawai. Idan ka ɗaga shi ga rana ka ga haske yana ratsowa ta ramukan saƙar, to ɓurɓushin numfashi ma ta nan zai ratso. A watan Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi hawa uku, na ciki auduga mai tsotse danshi, na tsakiya yadin roba mara saƙa, na waje mai hana ruwa shiga, amma kaɗan ne daga abin da aka riƙa sayarwa a bakin titi ya cika wannan sharaɗi. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda aka yi kan ma'aikatan lafiya 1,607 a asibitoci 14 na birnin Hanoi a Vietnam, ya nuna cewa masu sa na ƙyalle sun fi masu sa na asibiti kamuwa da ciwo mai kama da mura, kuma da aka gwada yadin kansa, kashi 97 cikin 100 na ɓurɓushin ya ratsa shi, alhali kashi 44 ne ya ratsa na asibiti. Da babu gara ba daɗi, musamman a fuskar mai tari, domin ɗigon yana fitowa da danshinsa da girmansa, yadin ya kama wani kaso kafin ya bushe ya ƙanƙance. Amma wanda ya dogara da shi don kare kansa a ɗakin da ke cike da numfashin majinyaci ya dogara da abu mai rauni. Hukunci ɗaya ne ga hankici da amawalin rawani da niƙabi da gefen mayafi: sutura ce da kariya daga ƙura mai kauri, amma yadi ne hawa ɗaya ko biyu, sako-sako, ƙasansa a buɗe.

Takunkumin asibiti, shuɗin nan mai igiya a kunne, tarihinsa ya nuna aikinsa. A 1897 wani likitan fiɗa a birnin Breslau na ƙasar Jamus ta wancan lokaci, Jan Mikulicz, ya fara rufe bakinsa da ƙyalle lokacin tiyata, bayan abokin aikinsa Carl Flügge ya nuna cewa magana kaɗai tana fesa ƙwayoyin cuta. Manufar ita ce a kare raunin majinyaci daga yawun likita. Na zamani yana da hawa uku, na tsakiyar irin zaruruwan roba masu caji ne, kuma idan na gaske ne yadinsa yana tacewa sosai. Matsalarsa ba a yadi take ba, a gefe take. Ba a ƙera shi don ya manne da fata ba, saboda haka akwai kafa a kumatu biyu da saman hanci, ita kuwa iska, kamar ruwa, hanya mafi sauƙi take bi. Mai sa tabarau ya san wannan ba sai an faɗa masa ba, domin hazon da ke rufe masa gilashi numfashi ne da ya tsere ta sama bai bi ta yadi ba, kuma ta wannan kafa iskar waje take shiga idan ya ja numfashi. Ana iya rage matsalar ba tare da kashe ko kwabo ba: a ƙulla igiyar kunne daf da inda ta haɗu da yadin, a cusa gefen da ya tattare ciki, a lanƙwasa wayar hanci ta bi ƙashin hanci sosai. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gwada wannan dabara a watan Fabrairun 2021, tare da dabarar ɗora na ƙyalle a kan na asibiti don ya matse shi a fuska, ta ga duka biyun suna ƙara kariya ƙwarai.

Na uku, wato N95 da danginsa, asalinsa daban ne. Daga ma'adinai da masana'antu ya fito, inda abin da ake tsoro shi ne ƙurar da ke cin huhun ma'aikaci, irin wadda masu yankan katako da masu dakon siminti suka sani. Don kare mai sawa aka yi shi tun farko. Ma'aunin N95 na Amurka ya fara aiki a 1995, kuma lambar tana nufin yadin yana tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ɓurɓushi mai girman nan mai wuyar kamawa; asibitoci sun rungume shi a shekarun 1990 ɗin saboda tarin fuka mai bijire wa magani. Turai tana da FFP2 mai kashi 94 da FFP3 mai kashi 99, Sin tana da KN95, Koriya ta Kudu tana da KF94. Idan na gaske ne, bambancin yadi tsakanin N95 da FFP2 da KN95 bai taka kara ya karya ba.

A wurin mannewa da fuska gizo ke saƙar, kuma a nan nake so mai karatu ya fi tsayawa. A ƙasashen da ake bin ƙa'ida, ma'aikacin asibiti ba ya shiga ɗakin mai tarin fuka da N95 sai an gwada shi a fuskarsa, kuma cin gwajin na'ura yana nufin ɓurɓushin da ke cikin takunkumin bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na wanda ke waje ba. Masana a cibiyar Max Planck da ke Göttingen a Jamus sun buga wani lissafi a ƙarshen 2021 kan mutum biyu da ke kusa da juna, ɗaya mai cutar yana magana: idan dukansu suna sanye da FFP2 da ya zauna daidai, haɗarin kamuwa cikin minti 20 bai fi kusan ɗaya cikin dubu ba; idan FFP2 ɗin bai zauna daidai ba, ya kai kimanin kashi 4 cikin 100; idan na asibiti ne, zai iya kai wa kashi 10. A misalan FFP2 biyun yadi iri ɗaya ne, amma 'yar kafa a gefen hanci ta ninka haɗarin sau da yawa. Shi ya sa mai igiya biyu da ke zagaya kai ya fi mai rataya a kunne, domin kunne ba ya jure matsin da ake buƙata. Gwajin da kowa zai iya yi shi ne ya rufe takunkumin da tafukansa ya busa numfashi da ƙarfi; idan ya ji iska a idonsa ko a kumatunsa, to a gyara waya da igiya, ko a nemi wani girman.

Wannan ya kai mu ga batun da ya shafi mazanmu kai tsaye, wato gemu. Gashi a inda gefen takunkumi ke haɗuwa da fata yana hana shi mannewa, ko da gashin kwana biyu ne. Tsayar da gemu sunna ce da mutane da yawa suke riƙe da ita da gaske, kuma ba hurumina ba ne in ce wa kowa ya aske. Abin da ya kamata mai gemu ya sani shi ne N95 a fuskarsa ba zai ba shi kashi 95 ɗin da aka rubuta ba, ko da yake ya fi masa ƙyalle nesa ba kusa ba, don haka sai ya ƙara da rage zama a rufaffen wuri. Wasu likitoci mabiya addinin Sikh a Ingila, waɗanda su ma addininsu ya hana su aski, sun ɓullo da dabarar naɗe gemu da faffaɗar roba mai santsi daga ƙarƙashin haɓa zuwa tsakar ka, sa'annan a ɗora takunkumin a kanta, kuma da yawansu sun ci gwaji da ita. Ina ganin ma'aikatan lafiyarmu masu gemu sun cancanci a koya musu irin wannan.

Mai karatu zai iya cewa ya ji labarin binciken da ya nuna takunkumi ba ya aiki, kuma ba ƙarya ya ji ba gaba ɗaya. A Denmark, a 2020, an raba mutum kimanin 6,000 gida biyu, aka ba rabi takunkumin asibiti, kashi 1.8 cikin 100 na waɗanda aka ba suka kamu, kashi 2.1 na waɗanda ba a ba ba, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba. A Bangladesh an yi mafi girma, ƙauyuka 600 da manya kimanin 340,000. Duk da raba takunkumi kyauta da wayar da kai, masu sawa sun tashi ne daga kashi 13 zuwa kashi 42 kawai, amma duk da haka a ƙauyukan da aka raba na asibiti masu kamuwa sun ragu da kimanin kashi 11, a tsakanin 'yan sama da shekara 60 kuma da kimanin kashi 35, alhali na ƙyalle bai nuna tasiri bayyananne ba. A farkon 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta fitar da nazarin da aka yi ta yayatawa cewa ya rushe takunkumi, har babbar editarta a lokacin, Karla Soares-Weiser, ta fito ta ce an yi wa nazarin gurguwar fahimta, domin abin da ya nuna shi ne hujjojin ba su kai a yanke hukunci ba.

Abin da na fahimta shi ne tambayoyi biyu ake cakuɗawa. Ko takunkumi yana tace iskar da ta bi ta cikinsa, wannan an auna shi da na'ura sau ba adadi, kuma amsar a fili take. Ko gaya wa jama'a su sa takunkumi yana rage cuta a gari, wannan ya dogara da ko sun sa, da irin wanda suka sa, da inda suka cire shi. Mutumin da ya yini da takunkumi a titi, inda iska ke kwashe komai, sa'annan ya cire shi a cikin shago ko a ɗakin da mutum shida ke kwana, ya sa shi a inda buƙatarsa kaɗan ce, ya ajiye shi a inda ta fi yawa. Gidan sauro ma idan aka raba shi aka shinge lambu da shi, binciken zai nuna zazzaɓi bai ragu ba.

Ga mazaunin Legas mai ƙaramin ƙarfi, lissafin ya koma kan abu uku: yawan mutane, rufewar wuri, da tsawon zama. Ɗan acaɓa a kan titi, ko mai sayar da albasa a filin kasuwar Mile 12, haɗarinsa daga bairos mai bin iska kaɗan ne idan aka kwatanta da na wanda ke cikin mota, ko da yake hayaƙin motoci da ƙurar hunturu dalili ne na daban da zai sa ya so N95, wanda ke tare su fiye da hankici. Fasinjan da ya shafe sa'a biyu a cunkoso daga Mile 12 zuwa CMS da ke tsibirin Legas a motar da aka rufe tagoginta aka kunna na'urar sanyi, wadda galibi iskar ciki take juyawa, yana shaƙar numfashin kowa, kuma ta wannan fuska danfo, ƙaramar motar hayar nan mai buɗaɗɗun tagogi, tana iya fi masa sauƙi duk da matsatsinta. Tafiyar dare daga Legas zuwa Kano a babbar mota, zaman jiran likita a ɗakin da kowa ke tari, jirgin maniyyata da cunkoson aikin Hajji, inda alhazai suka saba dawowa da tari da mura, waɗannan su ne wuraren da takunkumi mai inganci guda ɗaya ya fi na ƙyalle goma. Tsofaffi, da masu ciwon suga ko hawan jini ko asma, da mata masu juna biyu, su ya kamata a fara saya wa idan kuɗin bai isa kowa ba.

Sai a kiyayi jabu, domin kasuwa ta cika da shi. Hukumar NIOSH ta Amurka, wadda ke tantance N95, ta ce kimanin kashi 60 cikin 100 na KN95 da ta gwada a 2020 da 2021 ba su kai ma'aunin da suke iƙirari ba. N95 na gaske yana ɗauke da sunan kamfani da kalmar NIOSH da lambar amincewa mai farawa da TC a jikinsa, igiyarsa kuma ta kai ce. Wanda aka rubuta wa N95 amma yana rataye a kunne, ko aka ce na yara ne, abin zargi ne. Na Turai yana da alamar CE da lambobi huɗu a bayanta. Mai ɗan murfin roba a gefe yana sauƙaƙa fitar numfashi, amma ta wannan murfi iska take fita ba tacewa, don haka bai dace da majinyaci ba. Garkuwar roba mai haske da ake rufe fuska da ita tana kare ido daga feshi, amma iska tana zagayowa ta ƙasanta da gefenta.

Zafi da gumin Legas gaskiya ne, kuma su suka fi sa mutane cire takunkumi. Idan ya jiƙe numfashi yana yin nauyi, sai a canja shi. Amma tsoron cewa yana hana iskar oksijin shiga ba shi da tushe ga mai lafiya, domin ƙwayoyin iskar sun fi zaruruwan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma likitocin fiɗa suna shafe sa'o'i da shi suna aiki. Yara 'yan ƙasa da shekara biyu ne ba a sa musu ko kaɗan. Kada a wanke N95 ko na asibiti da sabulu, kada kuma a fesa masa sinadarin tsaftace hannu, domin hakan yana kashe cajin da ke cikinsa, ya bar shi da kamanni ba aiki. Wanda ba ma'aikacin asibiti ba zai iya mallakar uku ko huɗu yana juya su, wanda ya sa yau ya rataye shi ko ya ajiye shi a jakar takarda ya sha iska na 'yan kwanaki, ya yar da shi idan igiya ta saki ko ya yi datti.

Wuri mafi wuya shi ne gida, musamman gidajen haya masu ɗakuna a jere suna kallon juna, inda iyali ke kwana ɗaki ɗaya kuma babu inda za a keɓe majinyaci. A nan lissafi mai sauƙi yana taimakawa. A ɗauka takunkumin majinyaci yana barin rabin ɓurɓushin ya fita, na mai jinya kuma yana barin rabi ya shiga. Abin da zai kai huhun mai jinya rubu'i ne kawai, idan kuma nata N95 ne da ya zauna daidai, sai ya ragu ƙasa da haka sosai. Don haka majinyaci ya sa na asibiti muddin yana iya jurewa, mai jinya ta sa mafi ingancin da ke gidan, a buɗe taga da ƙofa ko da sauro zai sa a nemi gidan sauro, a juya fanka tana hura iskar ɗakin zuwa waje ta taga maimakon ta riƙa juya ta a kan masu barci, kakanni da jarirai kuma a kai su ɗakin maƙwabci ko na ɗan'uwa har majinyacin ya samu sauƙi.